Ranar da masu TrueCrypt suka ce kowa ya kama gabansa

Wace manhaja ce TrueCrypt?

Manhaja ce ta kyauta mai kulle bayanan da ke cikin kwamfuta ko filashi. Ko ɓarawo ya sace na'urar ya ciro faifan ya jona a wata kwamfutar, ba abin da zai gani sai tarkacen lambobi marasa ma'ana, matuƙar bai san kalmar sirri ba. Ta fito a watan Fabrairun 2004, kuma ta yi suna sosai wajen 'yan jarida da lauyoyi da masu fafutuka. A 2008 'yan sandan Brazil sun ƙwace faifan wani attajirin banki mai suna Daniel Dantas, daga baya suka miƙa wa hukumar FBI ta Amurka, ta shekara tana fama ba ta buɗe ba. Shi kansa Edward Snowden, wanda daga baya ya fallasa asirin leƙen asirin Amurka, ya koyar da yadda ake amfani da ita a wani taro a Hawaii a ƙarshen 2012. Duk da haka, waɗanda suka ƙera ta ba su taɓa bayyana sunayensu ba. Shekara goma duniya na damƙa asirinta ga mutanen da ba ta san fuskarsu ba.

Me ya faru ranar 28 ga Mayun 2014?

An wayi gari shafin manhajar ya canza. A sama da jan rubutu aka sa gargaɗi cewa amfani da TrueCrypt ba shi da tsaro, don tana iya ƙunsar matsalolin da ba a gyara ba. Dalilin da suka bayar shi ne Microsoft ya daina kula da Windows XP a watan Afrilu, kuma sababbin Windows suna da nasu makullin. Suka ce a koma BitLocker, wato makullin da Microsoft ya sa a cikin Windows. Sannan suka saki siga ta 7.2, wadda ba ta iya kulle komai, buɗe abin da aka riga aka kulle kawai take yi.

Da farko mutane sun ɗauka masu kutse ne suka ƙwace shafin. Da aka duba, sai aka ga sigar tana ɗauke da sa hannun sirrin da masu manhajar suka saba amfani da shi. Su ɗin ne dai.

Me ya sa mutane ba su gamsu da dalilin ba?

Saboda dalilin bai kama hankali ba. TrueCrypt tana aiki a Mac da Linux, to me ya haɗa su da mutuwar Windows XP? Kuma mutanen da suka shekara goma suna ɓoye kansu, su ne za su tura jama'a wajen manhajar kamfanin Amurka da ba a bari kowa ya ga yadda aka rubuta ta? Ga lokacin ma da abin ya faɗo. Shekara guda ke nan da fallasar Snowden. A watan Agustan 2013 Ladar Levison ya rufe kamfaninsa na imel, Lavabit, bayan hukumomi sun nemi makullan sirrinsa, kuma kotu ta hana shi yin bayani. Shi ya sa da yawa suka fassara baƙon gargaɗin a matsayin ishara: an matsa mana lamba, ba mu da bakin faɗa, ku gudu.

Wasu kuma suka ce gajiya ce kawai. Tun watan Fabrairun 2012 rabon da su fitar da sabuwar siga, wato 7.1a, kuma aikin ba albashi. A ganina wannan bayanin ya fi kusa da yadda ayyukan sa kai ke mutuwa, amma ban ga laifin wanda ya yi zargi ba, don mai niyyar sallama ta gari ba haka yake fita ba.

To an samu ɓarauniyar ƙofa a cikinta, wato ɓoyayyiyar hanyar buɗe bayanai ba tare da kalmar sirri ba?

Ba a samu ba. Tun kafin rufewar, Matthew Green na Jami'ar Johns Hopkins da Kenneth White sun tara kuɗi daga jama'a don a binciki rubutun manhajar layi-layi. Kamfanin iSEC Partners ya fitar da rahoton farko a Afrilun 2014, NCC Group ya fitar da na biyu a Afrilun 2015. Dukansu sun ga kurakurai, amma ba su ga wata ƙofa da aka bari da gangan ba.

Ke nan hankali ya kwanta?

Nan ne mutane da yawa suka yi kuskuren fahimta. Wata biyar bayan rahoton na biyu, a Satumban 2015, James Forshaw na Google ya gano ɓaraka biyu a ɓangaren manhajar da ke hulɗa da Windows, ɗaya daga cikinsu za ta iya bai wa mai kutse cikakken iko da kwamfuta. Binciken baya bai gan su ba. A manhaja mai rai, irin wannan gyaran 'yan kwanaki ne. A TrueCrypt babu mai gyarawa, kuma har gobe ɓarakar na nan a 7.1a. Lissafin da ke kulle bayanan, irin su AES, bai karye ba. Gida ne mai ƙofar ƙarfe wanda maginin ya bar gari: ƙofar na nan daram, amma damina na cin katanga ba mai yaɓe.

Akwai haɗari na biyu da ba a cika magana a kai ba. Da shafin asali ya daina ba da cikakkiyar siga, dole mutane suka koma neman ta a wasu shafuka. A 2015 kamfanin ESET ya bayyana cewa wani shafin Rasha yana raba TrueCrypt da aka cusa wa manhajar leƙen asiri, kuma zaɓaɓɓun mutane kawai ake tura wa gurɓatacciyar.

Ina jama'a suka koma?

Mafi yawa VeraCrypt, wadda Mounir Idrassi ya fara a Faransa a 2013 a kan tushen TrueCrypt. Ta toshe ɓarakar Forshaw a siga ta 1.15, kuma kamfanin Quarkslab ya bincike ta a 2016. Ta kuma tsananta wa mai cankar kalmar sirri: inda TrueCrypt ke juya kalmar sau 1,000 ko 2,000 kafin ta zama makulli, VeraCrypt na juya ta har sau 500,000. Shi ya sa take ɗan jinkiri wajen buɗewa. Wasu sun bi BitLocker, masu Mac FileVault, masu Linux kuma LUKS. Mai BitLocker ya san cewa sau da yawa makullin ceto, wato wanda ake buɗewa da shi idan an manta kalmar sirri, yana ajiye a asusunsa na Microsoft. Ga mai tsoron ɓarawon laftof wannan rahama ce, ga ɗan jarida mai ɓoye majiyarsa kuwa abin dubawa ne.

Ina da tsohon faifai da na kulle da TrueCrypt. Yaya zan yi?

Kada ka yi gaggawar goge komai. Fara kwafe faifan yadda yake a kulle zuwa wani wuri, don idan wuta ta ɗauke ana tsakar buɗewa ana iya rasa bayanan. Sannan ka lura cewa VeraCrypt ta daina buɗe tsarin TrueCrypt daga siga ta 1.26 da ta fito a 2023, saboda haka 1.25.9 za ka nema, daga shafinsu na asali. Ka buɗe da ita, ka kwashe fayilolin zuwa sabon ma'aji da ka kulle da sabuwar kalmar sirri mai tsawo, ka buɗe kaɗan daga ciki ka tabbatar suna lafiya, sannan ka share tsohon.