Waiwaye: kafin maganin daji, kaji aka fara bi

Ana ta cece-kuce kwanan nan tsakanin 'yan uwa nan Idi-Araba da Agege a Legas kan sabbin magungunan daji masu tsada, wasu na cewa ai Turawa ne kawai suka wayi gari da su, wasu kuma wai binciken da ake yi kan kaji da ƙudaje a jami'a ɓarnar kuɗi ne. To jama'a abin ba jiya ya fara ba.

A 1911 Peyton Rous ya gano bairos mai sa wa kaza ƙari, sai 1966 aka ba shi Nobel. A 1976 Bishop da Varmus suka nuna ƙwayar gadon da ke jawo ƙarin, wato Src, asalinta ta jikin kazar ce bairos ya kwasa, mu ma muna da ita. Wajen 1980 Tony Hunter ya gano aikin furotin ɗin da Src ke samarwa shi ne liƙa wani ɗan sinadari, fosfet, a kan tayrosin, ɗaya daga cikin amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su. 

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 1986, lokacin da Tony Pawson a Kanada yana duba wani furotin na bairos ɗin kaji mai suna Fps, kowa hankalinsa na kan ɓangaren da ke liƙa fosfet, shi kuma ya lura da wani yanki a gefe, amino asid kusan 100, wanda ba ya liƙa komai amma yana nan a Src yana nan a Abl, wani furotin mai aiki irin na Src, kusan iri ɗaya. Ya sa masa suna SH2. Sai 1988 ɗakin binciken Hanafusa a Amurka suka samo wani furotin mai suna Crk, shi ma daga bairos ɗin kaza, ba shi da ɓangaren liƙawar nan kwata-kwata, SH2 da wani yanki mai suna SH3 ne kawai, amma yana haddasa ƙari. Kamar dillali a kasuwar Mile 12, ba kayansa ba ne, haɗa mutane kawai yake, amma in ya rikice ciniki ya rikice. Daga nan aka gane SH2 cafke tayrosin mai fosfet yake yi, haka saƙo ke tafiya daga bakin ƙwayar halitta zuwa ciki. Kuma fa a lokacin babu wanda ke maganar magani, ni a ganina wannan haƙurin na biyan mutum ya bi abin da ba a ga ribarsa ba shi ne muka rasa.

Imatinib, maganin wani nau'in dajin jini, wanda aka amince da shi a 2001, Abl ɗin nan yake toshewa, ta ɓangaren liƙawar. Yau an san jikin mutum na da furotin sama da 100 masu SH2, har wata halittar ruwa mai ƙwaya ɗaya tak, Monosiga, da aka karanta kundin gadonta a 2008 an tarar da su jingim.