Ba haƙori ke sa yaro gudawa ba

A gidajenmu na Katsina, da zarar jariri ya fara zawo da zafin jiki, sai kaka ta shafa dasashinsa ta ce, "Haƙori ne, zai wuce." Ba da mugun nufi take faɗi ba, ta sha ganin abubuwan biyu tare.

Lokacinsu ne ya zo ɗaya. Haƙorin farko kan ɓullo wajen wata 6. A daidai nan garkuwar da yaro ya samo daga uwa tun yana ciki take raguwa, ga shi an fara ba shi koko da ruwan randa. Dasashi na ƙaiƙayi, duk abin da hannu ya kai sai baki: takalmi, murfin buta, makullin babur ɗin baba. Ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga. Shi haƙori iyakarsa dalalar miyau, rigima da ɗan ɗumin jiki.

Ana iya dubawa a gida. In kashi ya zo ruwa-ruwa sau 3 ko fiye a yini, gudawa ce. In ma'aunin zafi ya nuna 38, zazzaɓi ne, da damina kuwa sai a yi gwajin maleriya. A ci gaba da shayarwa, a ba da ruwan gishiri da sukari, da maganin zinki (wanda ake ba yara masu gudawa) na kwana 10 zuwa 14. In maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, ko ya ƙi nono, a nufi asibiti.

Don Allah a tura wa masu goyo wannan bayani, a karanta wa kakanni ma.