Ma'anar "cult classic": me ya haɗa fim ɗin ɓarayin zinare da ƙungiyar asiri?

Kwanakin baya ina cikin mota na ji wani mai gabatar da shirin fina-finai a rediyo yana karanto ra'ayoyin 'yan kallo a kan wani tsohon fim ɗin Birtaniya, The Italian Job. Da ya iso inda suka kira shi "cult classic", sai ya fassara wa masu saurare cewa fim ne na 'yan ƙungiyar asiri, har ya ja kunnen iyaye kada su bari yara su kalla. Abin ya tsaya mini a rai. Fim ɗin nan babu tsafi a cikinsa, babu rantsuwa da jini, babu taron dare a daji. Labarin wasu ɓarayin Landan ne da suka tafi Italiya satar zinare, kuma don a yi dariya aka shirya shi.

Na san inda kuskuren ya samo asali. Mu a Najeriya ta labaran kashe-kashen jami'o'i muka san kalmar "cult", don haka da an ambace ta sai gatari da baƙaƙen kaya su faɗo mana a rai. Su ma Turawan sunanta ya ɓaci a wurinsu, musamman bayan 1978, lokacin da mabiyan Jim Jones sama da 900 suka mutu a sansaninsu na ƙasar Guyana. Amma tushen kalmar ba shi da wannan muni. Daga Latin ta fito, daga wata kalma mai nufin noma ƙasa da kula da ita, kuma tushensu ɗaya da kalmomin da Turanci ke kiran al'ada da aikin gona. Daga kula da gona ma'anar ta gangara zuwa hidima da girmamawa, daga nan zuwa bauta. Ka dubi manomin da ke komawa gona guda kowace damina, ya san inda ruwa ke kwanciya, ya san kowane kututture. Wannan komawar ita ce abin da masu fim suka ara. Idan suka ce fim "cult" ne, suna nufin yana da wasu mutane da suka riƙe shi, suna maimaita kallonsa shekara da shekaru, sun haddace maganganunsa, suna gane junansu da shi. "Classic" kuwa ba ta buƙatar dogon bayani, abin da ya tsufa bai gundura ba ke nan.

Da ni za a tambaya, da Hausa sai in ce fim mai masoya 'yan ga-ni-kashe-ni. Ta fi kusa da abin da ake nufi, kuma ba ta tsorata kowa.

Kuskure na biyu ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin waɗanda suke ganin sun san kalmar ne ke yin sa. Fim ya fito ranar Juma'a, kafin Litinin masu sharhi a TikTok da YouTube sun naɗa masa rawanin "cult classic" saboda ya yi kasuwa. Ai kasuwa daban, wannan daban. Mai fim ba ya iya ba kansa wannan suna, mai talla ba ya iya saya masa, mai sharhi ma bai isa ba. 'Yan kallo ne ke bayarwa, kuma a hankali suke bayarwa, sau da yawa ma ga fim ɗin da bai yi wani tashe ba a farkon fitowarsa.

Shi wannan fim da aka yi wa ƙazafi a rediyo ya isa misali. A 1969 ya fito, Peter Collinson ne ya ba da umarni, Michael Caine ya fito a matsayin Charlie Croker, ɓarawon da bai daɗe da barin kurkuku ba. Shirinsu shi ne su sace zinaren dala miliyan 4 a birnin Turin. Suka lalata kwamfutar da ke sarrafa fitilun ba da hannu, gari ya cushe, su kuma suka sulale da zinaren cikin ƙananan motoci uku ƙirar Mini Cooper, ja da fara da shuɗiya, wato launukan tutar Birtaniya. Motocin suka bi matakala, suka hau rufin masana'antar Fiat, suka ratsa magudanar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, wadda a zahiri a Coventry ta Ingila aka ɗauki hotonta. A Amurka fim ɗin bai yi kasuwa ba, kuma Caine ya ɗora laifin a kan fostar tallar da ta nuna shi kamar fim ɗin 'yan daba masu bindiga. A gida Birtaniya kuwa, yawan maimaita shi a talabijin ne ya sa ya shiga jinin mutane. Magoya bayan ƙwallon ƙafa na Ingila suka ɗauki waƙar ƙarshensa, wadda Quincy Jones ya tsara kiɗanta, suna rerawa a filin wasa. Tun 1990 masu motar Mini suka fara yin ayari zuwa Italiya da sunan fim ɗin, suna tara kuɗi don taimakon yara. A 1999 Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta sa shi na 36 cikin fina-finan ƙasar 100 da suka fi fice.

Kada a ɗauka kowa ne ke son sa. In ka bi ra'ayoyin 'yan kallo za ka ga masu cewa farkonsa yana jan ƙafa, sai an zo tseren motoci yake farkawa. Wasu ba sa jin daɗin barkwancin da aka ba ɗan wasa Benny Hill a kan mata, kuma ina tare da su, wannan ɓangaren ya tsufa da muni. Wasu suna ganin fim ɗin cike yake da tinƙahon Ingila a kan sauran Turai, musamman ta bakin Mista Bridger, uban ɓarayin da ke juya komai daga cikin kurkuku yana ƙaunar Sarauniya, rawar da ta zama ta ƙarshe da Noël Coward ya taka a fim. Akwai kuma matasan da suka fara da sabon da Amurkawa suka yi a 2003 da Mark Wahlberg da Charlize Theron, suna cewa ya fi sauri da tsari. Masoyan tsohon sun ji duk wannan, sun ma yarda da rabi, kuma gobe za su sake kunna shi. Wannan halin ne kalmar ke nufi. Har ma ina ganin a Ingila fim ɗin ya wuce matsayin na wasu 'yan tsiraru, ya zama kayan gadon ƙasa, sai dai a wajenta ne sunan ya fi dacewa da shi yanzu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka ƙi sakin ƙarshen labarin. Ɓarayin sun loda zinaren a bas suna murna a kan tsaunukan Alps, direba ya kwashi kwana da gudu, bas ta zame ta tsaya tana lilo a bakin rami. Zinare ya gangara baya, ɓangaren da ke rataye a sama, mutane suna gaba. Duk wanda ya matsa don ya jawo shi, bas ta ƙara sunkuyawa. Croker ya ce musu wata dabara ta zo masa, sai fim ya ƙare, ba a faɗi dabarar ba.

Kusan shekara 40 mutane suna gardama a kan wannan bas. A 2008 ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta Birtaniya, Royal Society of Chemistry, ta sa gasa: a kawo hanyar ceto zinaren cikin minti 30, da lissafi mai gamsarwa, ba tare da jirgi mai saukar ungulu ba. Mutane suka zauna da biro da takarda suna auna nauyin bas ɗin da ba ta taɓa ɗaukar zinaren gaske ba. Wanda ya ci gasar a farkon 2009 ya ce a fasa tagogi, a sace iskar tayoyin gaba don bas ta zauna daram, a tsiyaye man da ke tankin baya, sannan mutum ɗaya ya sauka ya riƙa lodo duwatsu a gaba, har nauyi ya isa wani ya rarrafa ya jawo zinaren.