Tashar sararin samaniya ba ta Amurka kaɗai ba ce

A fadojin shayi na Damagaram, idan hasken nan ya ratsa sama bayan magariba ba ya ƙyaftawa, sai ka ji an ce "ga jirgin Amurkawa". An daɗe ana faɗar haka, amma ba daidai ba ne: hasken nan tashar sararin samaniya ce ta ƙasa da ƙasa (ISS), inda ƴan sama jannati ke zama suna bincike.

Ƙasashe 15 ne suka sa hannu kan yarjejeniyar gina tashar a 1998. Sashenta na farko ma, Zarya, a Rasha aka ƙera shi da kuɗin Amurka, aka harba shi daga Baikonur ta Kazakistan ranar 20 ga Nuwamba 1998. Kuma ba dunƙule guda aka ɗaga ta ba, gunduwa-gunduwa aka riƙa kai ta ana haɗawa a can sama. Kanada ta ba da hannun ƙarfe mai ɗaukar kaya, Turai ta kawo ɗakin bincike na Columbus a 2008, Japan ta kawo nata ɗakin binciken, Kibo.

Daga 2011 zuwa 2020 kuwa, ƴan sama jannatin Amurka a kumbon Rasha, Soyuz, suke zuwa can, don ba su da nasu.

Nisanta da ƙasa wajen kilomita 400 ne. Idan tana bisa kanmu, ta fi Yamai kusa.