Warin gas da dokar "ɗaya bisa biyar"

Ana ta yaɗa cewa wai gas mai wari gurɓatacce ne. Wasu kuma suna cewa da zarar an ji warin, gida ya gama tashi. Duka biyun ba gaskiya ba ne, kuma na farkon ya fi ba ni tsoro.

Asalin gas ba shi da wari. Da gangan ake zuba masa sinadarin markaftan mai ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai. A ranar 18 ga Maris 1937, gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a New London da ke jihar Texas, ya fashe, kusan mutum 300 suka mutu, galibinsu yara. A shekarar jihar ta wajabta sa wa gas wari.

Yau dokar tarayyar Amurka, sashe na 192.625 na ƙa'idojin bututun gas, ta ce dole mai lafiyayyen hanci ya ji warin gas ɗin da ake rabawa gidaje tun yana ɗaya bisa biyar na mizanin da yake fara kama wuta. A nan mutane ke rikicewa. Ba a ce gas ya cika ɗaya bisa biyar na ɗaki ba. Gas ɗin bututu, wato metan, ba ya ci sai ya kai kashi 5 cikin ɗari na iskar wurin, kuma in ya haura kashi 15, iskar ta yi masa kaɗan. Ɗaya bisa biyar na kashi 5 ɗin nan kashi 1 ne kacal. Ke nan hanci zai riga wuta sani.

Amma kada wani ya ce in gas ya yi yawa an tsira. Ana buɗe ƙofa iska ta shiga, ya sauko daidai inda zai kama.

Inda dokar ta gaza a ganina shi ne batun "lafiyayyen hanci". Tsoho fa, ko mai mura? Manyan bututan da ke ratsa karkara ma ba ta tilasta a sa musu wari ba, kamar ran ɗan ƙauye bai kai na ɗan birni ba.

Gas ɗin silindarmu furofen da butan ne, tun wajen kashi 2 suke kamawa, kuma sun fi iska nauyi, sai su kwanta a ƙasa kusa da tabarma. In uwargida ta ji wari a kicin, ta rufe kan silinda, ta buɗe taga da ƙofa, ta fitar da yara, kada kowa ya taɓa makunnin lantarki ko ya ƙyasta ashana.