Don Allah a Daina Zuba Bunni da Toka a Kan Yanka

Salamu alaikum 'yan'uwana na Gadarif a nan Sudan da ƙauyukan da ke kewaye. Kakar riɗi ta kama, lauje kuma ya fara cin mutane kamar yadda ya saba. Tun da aka shiga yanka, da wuya gari ya waye ban ga hannu ko ƙafa a naɗe da tsumma a bakin shafakana, ɗan asibitin da nake aiki, ba.

Ciwon shi kansa bai cika damuna ba. Abin da nake tararwa in na kwance tsumman shi ke ɓata mini rai. Garin bunni, wato garin kofi. Toka. Wani ƙasar gona ya dumbuza ya danna a ciki, wani ya fasa kafso ya barbaɗa. In na tambaya, amsar ɗaya ce: "Hakima, jinin ne ya ƙi tsayawa."

Kwanan baya aka kawo mini wani dattijo a kan karo, wato amalanke, lauje ya sare shi a gefen ƙafa, ciwon ya kwana tara. Ƙafa ta kumbura tana sheƙi, kaluluwa ta fito masa a matsematsi, jiki zafi rau. Na ce, "Baba, me ya hana ka zuwa tun ranar?" Ya ce, "'Yata, tun ba a haife ki ba bunni muke zubawa, muna warkewa." Na ce, "Baba, waɗanda suka warke su ke ba da labari." Ya yi shiru, ni ma na ji nauyin maganar, amma dole in faɗa.

Allah ya yi mana fata ta zama katanga. In ta tsage, ƙwayoyin bakteriya da ke ƙasa da jikin lauje sai su kutsa, wasunsu kuwa in sun sami ɗumi da laima cikin minti 20 ɗaya ta zama biyu. Jiki ma ba barci yake yi ba. Jini ya daskare ya toshe ƙofar, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a wurin suna haɗiye baƙin. Mugunyar da kuke gani gawarwakin wannan faɗan ne, kaluluwa kuma shinge ce da jiki ya kafa don kada cuta ta zarce cikin jini. To ana cikin wannan kokawa kai kuma ka cusa toka da ƙasa, ka ɗaure tamau da tsumman da ka share gumi da shi. Mai gida na fama da ɓarawo ɗaya a zaure, ka zagaya ka buɗe wa sauran ƙofar baya. Wa ka taimaka?

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce titanos, ciwon sarƙewar haƙora. Ƙwayarta tana kwance a ƙasa da kashin dabbobi shekara da shekaru, kuma ba ta son iska, shi ya sa rami mai zurfi da aka cushe aka rufe ya fi mata ko'ina daɗi. Tsakanin kwana 3 zuwa 21 sai muƙamuƙi ya riƙe, wuya ya sandare, mutum ya riƙa banƙarewa. A lokacin ne za a ce iska ce, a tafi neman rubutu. Ku nemi addu'a, ban hana ba, amma ku kawo shi asibiti a ranar. Iyayena mata, da ku nake musamman: cibiyar jariri ma ciwo ce a buɗe. Ba toka, ba kwalli, ba komai.

Ƙaya ma kada a raina ta. Kun san nabit, cutar nan mai kumbura ƙafa, kun ga yadda take cin ƙafa a hankali a Jazira da Sinnar har a kai ga yankewa, kuma sau da yawa daga sukar ƙaya take farawa.

Na san riɗi ba ya jira, in ya wuce lokaci kwanso ya fashe ya zube, na san kuɗin mota ma wahala ne a wannan hali da ƙasa ke ciki. Shi ya sa yawancin abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi:

- Danne wurin da ƙyalle mai tsabta minti 10, kar a riƙa ɗagawa ana leƙe. Yawanci jinin zai tsaya.
- Wanke da sabulu da ruwa mai yawa, wanda aka tafasa ya huce.
- Rufe da ƙyalle wankakke, a sauya kullum.
- Mai zurfi ne, ko ƙusa, ko ƙaya ta karye a ciki, ko kana da ciwon sukari? Taho yau, a duba maganar allurar titanos.
- Ja yana yaɗuwa, wari, zazzaɓi? Kar a kwana.
- A sa takalmi a gona.

Bunni kuwa a bar shi a jabana, tukunyar dafa shi, can ne wurinsa.

Baban nan Allah ya sa ƙafar ta tsira. Har yanzu yana zuwa wanki duk bayan kwana biyu yana dogara sanda, riɗinsa kuma yaran maƙwabta ne suka yanke masa abin da bai zube ba.