Ma'anar MOOC da Makomarsa a Karatun Jami'a

MOOC taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci huɗu (Massive Open Online Course), kuma yana nufin kwas ɗin da ake koyarwa ta intanet, wanda ƙofarsa ke buɗe ga kowa ba tare da an ƙayyade yawan ɗalibai ba. Malami kan naɗi darasinsa a bidiyo, ya haɗa da tambayoyin da kwamfuta ke dubawa, mai buƙata kuma ya yi rajista ba tare da an nemi sakamakonsa na WAEC ko JAMB ba.

Sunan ya fito a 2008 a Kanada, kan wani kwas na Jami'ar Manitoba da George Siemens da Stephen Downes suka koyar. Abin ya yi tashe a 2011, lokacin da kimanin mutum 160,000 suka yi rajistar kwas ɗin ƙirƙirarriyar basira na Jami'ar Stanford da ke Amurka, sannan aka kafa Coursera da edX, shafukan intanet masu ɗauke da irin waɗannan kwasa-kwasai, a 2012. Har wasu suka yi hasashen azuzuwan jami'a sun kusa zama kufai, amma hasashen bai tabbata ba, domin mafi yawan masu rajista ba sa kai ƙarshen kwas, kuma takardar shaida, wadda ita ce abin nunawa, yanzu galibi sai an biya.

A nan Zamfara, batun "a buɗe ga kowa" yana da sharaɗi. Ɗalibin Gusau da ke kai wayarsa shagon caji da rana, ya kuma jira tsakar dare ya sauke bidiyo saboda data ta fi araha a lokacin, ya san cewa kyauta ma tana cin kuɗi. Da aka rufe layukan sadarwa a jihar a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro, ƙofar ta rufe gaba ɗaya.

A ganina, MOOC ba zai ture jami'a ba; zai dai zama mata ƙari. Takardarsa ba digiri ba ce, ba ta kai mutum bautar ƙasa. Sai dai malami a Jami'ar Tarayya ta Gusau yana iya sa ɗalibansa su kalli darasin lissafi kafin su shigo aji, a kashe lokacin haɗuwa wajen warware abin da ya shige musu duhu, kuma ɗalibin da yajin aiki ya zaunar a gida, kamar na watanni 8 da ASUU ta yi a 2022, yana iya koyon sarrafa bayanai kafin a koma.